Ƙofar kicin ta jawo wa ƙanwata ƙuna a wurin aiki: ganganci ne ko laifin ƙofa?

Uwar Biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Na zo da wata magana da ta hana ni sukuni tun makon jiya, kuma ina neman shawarar waɗanda suka san harkar gini da waɗanda suka san doka. Ƙanwata tana aiki a kicin ɗin wani otal a nan Kano, bana shekararta ta uku ke nan. Tsakanin kicin da ɗakin cin abinci akwai wata ƙofar katako mai nauyi, irin wadda ake turawa ta kowane ɓangare, ta buɗe ciki ko waje, sannan ta dawo da kanta ta tsaya a tsakiya. Ranar Laraba da rana ta ɗauko tire da kwanuka huɗu na farfesun da aka sauke daga wuta a lokacin, tana dab da ƙofar sai wani abokin aikinta ya turo ta daga waje da kafaɗa, domin shi ma hannuwansa cike suke da kwanukan da aka gama cin abinci a ciki. Ƙyauren ya daki tiren, romon ya kwarare mata daga wuyan hannu har gwiwar hannu, gefen ƙofar kuma ya fasa mata gira. Manaja ya ba ta kuɗin mota da na maganin rana ɗaya, ya ce tsautsayi ne, ya ƙara da cewa da ta kula da hakan bai faru ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne ƙofar nan ba ta da ko 'yar tagar da mutum zai hango mai tahowa, kuma ƙanwata ta ce ita ce ta uku da ƙofar ta buga a bana. Ta yaya mutum zai kauce wa abin da ba ya gani?

Mai Gidan Abinci:
Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Ba na goyon bayan yadda manajan ya yi magana, amma tunda ni ma ina da ma'aikata goma sha ɗaya da irin wannan ƙofa, bari in faɗi abin da nake gani kullum. Yaran nan ba sa tura ƙofa da hannu, da ƙafa suke haurinta, wani ma da gudu yake fitowa kamar an biyo shi. Na sa an yanka taga a tawa an saka gilashi, ba a yi wata biyu ba na tarar sun manna jadawalin aiki a kan gilashin, wai nan ne kowa zai gani. Saboda haka idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Ba kowane rauni ne za a ɗora wa mai wuri ba.

Injiniya:
Alhaji, maganarka tana da kama, sai dai misalin da ka kawo ya fi ƙarfafa hujjar Hajiya. Kai ka saka taga, yara suka rufe ta, kuma gyaran wannan bai wuce ka ɓamɓare takardar ka yi faɗa ba. A wurin da ƙanwarta take aiki babu tagar gaba ɗaya, wato ko ma'aikacin da ya fi kowa natsuwa ba shi da hanyar sanin ko akwai mutum a bayan ƙyauren. Batun haurin ƙofa da ƙafa kuwa, ai don haka aka ƙirƙiro wannan nau'in ƙofar tun asali: an yi ta ne saboda mutumin da hannuwansa biyu ke riƙe da kaya, shi ya sa ba ta da mariƙi, shi ya sa kuma ake lulluɓe ƙasanta da farantin ƙarfe don kada takalmi ya cinye katakon. Wanda ya sayi ƙofar da aka yi don a tura da kafaɗa ko ƙafa ba zai dawo yana mamakin an tura ta haka ba.

Wannan matsala tsohuwa ce, kuma waɗanda suka riga mu yawan amfani da irin waɗannan ƙofofi sun daɗe da mayar da maganinta doka. Ƙa'idar Tarayyar Turai ta 1989 kan wuraren aiki ta ce ƙofar da ke buɗewa gaba da baya dole ta zama ana gani ta cikinta, ko a yi mata taga. Dokar wuraren aiki ta Birtaniya ta 1992 ta maimaita hakan, inda ta ce duk ƙofar da ake iya turawa ta kowane ɓangare sai an ƙera ta yadda idan tana rufe za a ga abin da ke kusa da ita ta ɓangarorin biyu. Tsayin tagar ma yana da muhimmanci, domin na sha ganin an yi 'yar taga zagayayya can sama daidai idon dogon namiji, gajeriyar mace ba ta gani kuma ba a ganinta. A ƙa'idar gini ta Amurka ta 2010 da ta shafi masu buƙata ta musamman, ƙasan gilashin bai kamata ya wuce inci 43 daga daɓe ba, wato kusan santimita 109, don a hango wanda ke kan keken guragu. Doguwar taga siririya a gefen da ƙofar ke buɗewa ta fi zagayayyar nan amfani nesa ba kusa ba.

Baba Kafinta:
Injiniya ya faɗi gaskiya, amma bari in gaya muku yadda abin yake a wurin ciniki, don shekarata talatin da wani abu ina rataya ƙofofi. Idan na ce wa mai gini a yanka taga, tambayarsa ta farko ita ce nawa za ta ƙara, ta biyu kuma ya ce ba ya son baƙi su riƙa leƙen kicin ɗinsa. Sannan akwai abin da ke mayar da ƙofar. Iri biyu ne a kasuwa. Akwai hinji mai sifirin kawai, shi ne mai araha, kuma shi ba ya da birki: idan ka tura ƙofa ka saki, sai ta dawo da ƙarfinta, ta wuce tsakiya, ta sake komawa, ta yi lilo sau uku ko huɗu kafin ta tsaya. Wanda ya biyo bayanka shi ke shan dukan. Akwai kuma wanda ake binnewa a cikin daɓe a ƙarƙashin ƙofar, mai sifirin da mai a ciki, shi yana dawo da ita a hankali ya tsayar da ita a tsakiya. Kuɗinsa ya ninka na farkon, ga fasa daɓe, don haka mafi yawan masu gini na farkon suke zaɓa, su kuma ce a rataya masa ƙyauren katako mai kauri saboda ya fi kyan gani. Nauyin ƙyaure daban, ƙarfin hinji daban, ba a auna ba.

Injiniya:
Baba ya taɓo inda ciwon yake. Na'urar mayar da ƙofa, ko ta cikin daɓe ko wadda ake ɗaurawa a sama mai hannu kamar gwiwa, aikinta ɗaya ne. Idan ka buɗe ƙofa kana matse sifirin ne, idan ka saki sifirin ɗin yana son ya koma da ƙarfi, sai man da ke ciki ya tilasta masa tafiya a hankali, domin dole man ya bi ta wasu ƙananan ramuka. A jikin na'urar akwai 'yan sukurori da ake juyawa da sukundireba a ƙara ko a rage faɗin ramukan: ɗaya yana kula da gudun ƙofa daga buɗe zuwa kusa da rufewa, ɗaya yana kula da ɗan ƙarashen da ya rage, wasu kuma suna da na uku da ke tare ƙofar idan an banko ta da ƙarfi don kada ta daki bango ko mutum. Duk ranar da kuka ga mai yana tsiyaya a jikin na'urar ko ya yi baƙin tabo a ƙyaure, birkin ya tafi, sifirin kaɗai ya rage, kuma ba a gyara ta da juya sukuru, sai dai a sauya. Yanayinmu ma yana taka rawa, saboda mai yana tsinkewa da zafi ya yi kauri da sanyi, don haka ƙofar da aka daidaita da hunturu tana iya fara bugu da bazara.

Girman na'urar kuma ba a zaɓensa da ido. A ma'aunin Turai mai lamba EN 1154 an kasa su daga 1 zuwa 7: lamba 3 ta ƙyauren da bai wuce kilo 60 da faɗin santimita 95 ba ce, lamba 4 ta kilo 80 da santimita 110, lamba 5 ta kilo 100. Ga gwajin da kowa zai iya yi da agogon wayarsa a kan ƙofar ofis mai na'ura a sama: ka buɗe ta sosai ka saki, ka ƙirga. Ƙa'idar Amurka da na ambata ta ce daga buɗewa cikakkiya zuwa dab da rufewa kada ta gaza daƙiƙa 5. Yawancin ƙofofin da nake gwadawa a ofisoshinmu ba sa kai rabin haka.

Sista:
Hajiya, kafin a ci gaba da maganar ƙofa, me aka sa mata a hannun lokacin da abin ya faru? Ina tambaya ne don na san halin kicin.

Uwar Biyu:
Sista, wallahi man goge baki suka shafa mata, wata kuma ta fasa ɗanyen ƙwai a kai. Sai da yamma da na je na kai ta asibiti.

Sista:
Abin da na ji tsoro ke nan. Man goge baki, ƙwai, manja, gishiri da baƙin mai duk ba sa maganin ƙuna, datti suke ƙarawa, kuma sai mun kankare su kafin mu ga ciwon, mai ciwo ya sha azaba sau biyu. Abin da ake yi shi ne a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi da ke zuba, ba ƙanƙara ba, har tsawon minti 20, a cire zobe da awarwaro da agogo tun kafin hannu ya kumbura, a rufe da tsabtataccen ƙyalle, kada a fasa bororon da ya taso. Ƙunar da ta fi tafin hannun mai ita faɗi, ko ta hau gaɓa kamar wuyan hannu da gwiwar hannu, ta asibiti ce a ranar, saboda idan ta warke a tanƙware fatar tana iya janyewa ta hana hannun miƙewa. Girar da ta fashe ma a lura da ita: duk wanda ƙofa ta buga a kai, idan ya fara amai, ko barci ya riƙa fizgarsa, ko ciwon kai ya riƙa ƙaruwa, a koma asibiti ba tare da jira ba.

Mu ma a asibiti muna fama da waɗannan ƙofofi, musamman ta shiga tiyata da ta ɗakin haihuwa, inda ake turo gadon majiyyaci da sauri. Amma raunin da na fi gani daga ƙofa na yatsa ne, kuma mafi muninsa ba ta wajen mariƙi yake faruwa ba, ta wajen hinji ne. Mutum ya tsaya yana magana ya dafa jikin firam, yatsunsa suna cikin ɗan tsagin nan, wani ya rufe ƙofa bai sani ba. Idan kan yatsa ya guntule, a danne ciwon da tsabtataccen ƙyalle a ɗaga hannun sama, guntun kuma a naɗe shi a ƙyalle mai ɗan danshi, a sa a leda a ɗaure, sannan a sa ledar a cikin ruwa mai ƙanƙara. Kada guntun ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye, kada kuma a jefa shi cikin ruwa tsirara. A tafi da shi babban asibiti nan take, a Kano akwai Asibitin Ƙashi na Dala, kuma a tambayi allurar tetanus.

Baba Kafinta:
Dalilin da ya sa wajen hinji ya fi ɓarna lissafi ne mai sauƙi, irin na ƙarfen da ake ɗaga dutse da shi. A ce faɗin ƙyaure santimita 90 ne, yatsa kuma yana santimita 3 daga hinji, to duk ƙarfin da aka sa a bakin ƙofar ya ninka sau 30 kafin ya isa yatsan. Turin da bai wuce nauyin kilo 5 ba ya zama kamar an ɗora kilo 150 a kan farce. Akwai roba doguwa da ake bi da ita a rufe tsagin daga sama har ƙasa, ba ta da tsada, amma ban taɓa samun mai ginin da ya nema da kansa ba.

Akawu:
Abin da Baba ya kwatanta shi ya same ni, shekara huɗu ke nan. Ƙofar ofishinmu ta ƙarfe ce irin ta masu walda, ba ta da na'ura ko ɗaya, kuma tana kallon gabas. Hadari ya taso da la'asar, na miƙe in rufe taga, na dafa firam ɗin ƙofar ina kiran masinja, iska ta ɗauko ƙofar ta maka. Farcen yatsana na tsakiya bai sake fitowa daidai ba har yau, kuma ni da ke aikin buga lissafi na yi wata guda da hannu ɗaya. Ba wanda ya rubuta komai, ni ma ban ga abin rubutawa ba, don kunya ma nake ji a ce ƙofa ce ta yi mini haka. Bayan wata shida ta kama mai shara a wuri guda. Sai a lokacin aka sa mai walda ya yi mata ƙugiya a bango.

Barista:
Kunyar nan da Akawu ya ambata ita ce take cinye haƙƙin mutane da yawa, don haka Hajiya ki saurara da kyau, akwai kwanakin da ke ƙirguwa. A Najeriya dokar da ta shafi wannan ita ce Dokar Diyyar Ma'aikata ta 2010, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1987, kuma hukumar NSITF, wato hukumar gwamnatin tarayya mai kula da asusun diyyar ma'aikata, ce ke gudanar da ita. Mai ɗaukar ma'aikata ne ke zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun, kuma haramun ne ya cire wannan kuɗi daga albashin ma'aikaci. Abin da ya kamata kowa ya riƙe shi ne tsarin ba ya tambayar wa ya yi ganganci. Muddin raunin ya faru ne a bakin aiki kuma ta dalilin aikin, maganar manaja cewa da ta kula da bai faru ba ba ta soke haƙƙinta na magani da diyya. Dokar kuma ba ta tsaya kan masu takardar ɗauka ta dindindin ba, ta haɗa da na wucin gadi, da masu aikin rana, da masu koyon sana'a.

Dole ma'aikaci, ko wani a madadinsa, ya sanar da mai wurin aiki cikin kwana 14 da faruwar abin. Shi kuma mai wurin dokar ta ba shi kwana 7 ya kai rahoto ga hukumar. Neman diyyar kansa ana shigar da shi cikin shekara ɗaya. Tunda ranar Laraba ta makon jiya abin ya faru, ku rubuta takarda gobe, ku faɗi rana da lokaci da wuri da yadda ya auku da sunayen waɗanda suka gani, ku kai kwafi biyu, a sa hannu a kan ɗaya ku riƙe. Cewa manaja ya gani da idonsa ba ya wadatarwa idan gardama ta taso. Ku ajiye katin asibiti da duk rasit, ku ɗauki hoton hannun da na ƙofar tun kafin a taɓa ta.

Mai Gidan Abinci:
Barista, na karɓi gyara a kan batun diyya, ban san ta shafi masu aikin rana ba. Amma ina da tambaya ga Injiniya. Tunda ƙofar ce fitina, me zai hana a cire ta gaba ɗaya, ko a sa dutse a tokare ta a buɗe? Ni tun jiya da na karanta wannan zancen na sa aka tokare tawa.

Injiniya:
Alhaji, ka cire dutsen. Ƙofar kicin ba ado ba ce, ita ke tsare hayaƙi da zafi da ƙuda, kuma kicin ne wurin da gobara ta fi tashi a gidan abinci. Ranar da mai ya kama a kasko, rufaffiyar ƙofa ce za ta jinkirta hayaƙin har baƙinka su fita. Dutsen kansa abin tuntuɓe ne ga mai ɗauke da tire. Idan kana da fili, abin da manyan otal suke yi ya fi: ƙofa biyu, ɗaya ta shiga ɗaya ta fita, kowacce tana buɗewa gefe guda, kowacce da tagarta. Idan babu fili, taga doguwa da na'ura mai mai sun isa, sai ka ja layi da fenti a daɓe daidai inda ƙyauren ke sharewa, don kada a ajiye teburi ko a tsaya hira a wurin.

Akwai wani abu makamancin wannan da nake yawan gani, wato mutum ya ji ƙofa ta bugi mai wucewa a baranda sai ya juya hinjinta ta koma buɗewa ciki. A ƙaramin ofis na mutum biyu babu laifi. A zauren da jama'a ke taruwa kuwa kuskure ne babba, domin idan aka firgita aka yo waje, na gaba ba zai iya jawo ƙofa ba alhali na baya suna danne shi a jikinta. A garin Sunderland na Ingila a 1883 yara 183 suka mutu a turmutsutsu a bayan wata ƙofa mai buɗewa ciki da aka sa wa sakata ta bar ɗan tsagi, kuma bayan wannan musiba ne aka tilasta ƙofofin fita na wuraren taro su riƙa buɗewa waje, aka kuma ƙirƙiro sandar nan da ake dannawa ƙofa ta buɗe. Maganin bugun mai wucewa shi ne a shigar da ƙofar cikin bango kaɗan yadda ƙyaurenta ba zai fito tsakiyar hanya ba, ko a yi mata taga.

Akawu:
Injiniya, ƙofar gilashi zalla fa, irin ta bankuna da shagunan waya? Ai ita an huta da matsalar gani.

Injiniya:
Ita kuma tata matsalar ita ce ba a ganinta ita kanta, musamman idan mai shara ya goge ta da safe. Shi ya sa waccan ƙa'ida ta Turai ta ce a yi mata alama daidai inda ido zai faɗa. Sannan a tabbatar gilashin gasasshe ne, wanda idan ya fashe yake zubewa ƙanana kamar tsakuwa, ko mai leda a tsakiya da ke riƙe ɓaraguzan. Gilashin taga na yau da kullum idan ya fashe dogayen tsini yake yi kamar wuƙa, kuma wannan gargaɗin ya shafi 'yar tagar ƙofar kicin ma, don kada a je gyaran gira a rasa ido.

Uwar Biyu:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun rubuta takardar kamar yadda Barista ya ce, na kai da kaina yau da safe. Manajan ya ƙi sa hannu da farko, ya ce sai mai otal ya dawo daga tafiya, amma da na ce zan zauna in jira shi a wurin karɓar baƙi, sai ya karɓa ya sa hannu ya rubuta kwanan wata. Da na tambaye shi ko sun yi rajista da NSITF, ya ce wannan sai akawunsu. Hannun yana samun sauƙi, likita ya ce a riƙa zuwa wanki duk bayan kwana biyu, kuma ta riƙa miƙe gwiwar hannun ko da yana mata zafi. Da zan fito na leƙa ƙofar. Ba a yanka taga ba, an dai manna wata takarda a jikinta da aka rubuta a ƙwanƙwasa kafin a shiga. Barista, idan ya tabbata ba su yi rajistar ba, ofishin hukumar za mu fara zuwa ko ofishin ƙwadago?